Rigakafin Kaji: Ƙanƙara Kaɗai Ba Ta Isa Ba, Sai Da Duhu



Akwai ƙorafin da nake yawan ji daga sababbin masu kiwo: "Malam, wallahi na yi musu Lasota, na yi Gumboro har sau biyu, amma ga cuta ta shigo tana ɗibar su." In na tambayi yadda aka ɗauko rigakafin, amsar kusan ɗaya ce: "Ai da ƙanƙara aka ba ni." A wurin mutum tunda akwai ƙanƙara, magana ta ƙare.

To yau zan yi bayani ne kan abin da ƙanƙara ba ta karewa, wato haske. Duk wanda ya buɗe takardar da ke cikin kwalin rigakafi zai ga an rubuta umarni biyu a jere: a ajiye a sanyin digiri 2 zuwa 8, sannan a kare shi daga haske. Na farkon kowa ya haddace. Na biyun kuwa kamar ba a rubuta shi ba.

ME KE CIKIN KWALBAR?

Wannan ɗan dunƙulen da kake gani a gindin kwalbar Lasota, mai kama da ɓallin alli, ƙwayar cuta ce mai rai. Ita Lasota wani nau'i ne marar ƙarfi na ƙwayar cutar Nukasil, cutar nan da ake rubutawa ND a jikin kwalba, mai sa kaji koren kashi da wahalar numfashi da murɗewar wuya. An samo ta a 1946 a wata gonar kaji a Amurka, aka sa mata sunan mai gonar. Shi kuma Nukasil gari ne a Ingila inda cutar ta ɓulla a 1926. Gumboro ma sunan wani ƙauye ne a Amurka, can aka fara ganin cutar, aka bayyana ta a 1962.

Kamfani yana renon ƙwayar Lasota a cikin ƙwai masu ɗan tsako, sannan ya daskarar da ita, ya zuƙe ruwan, ya toshe kwalba. Barci take yi a ciki. Da zarar ka zuba mata ruwa ta farka.

Idan kaza ta sha, ƙwayar tana shiga maƙogwaro da hanci da hanji, ta hayayyafa na wasu kwanaki. A wannan tsakanin ne jikin kaza yake gane ta, ya haɗa garkuwar da zai yaƙi muguwar 'yar uwarta ranar da ta zo. Ka ga kenan abin da kowace kaza ke samu a ruwan nan iri ne kawai, sai ya tsira a jikinta sannan a ga amfaninsa. Rigakafin da haske ya kashe kamar soyayyar gyaɗa ce aka kai gona: a ido gyaɗa ce, ka shuka, ka yi noma, ka jira, ba abin da zai fito.

Wani zai ce, ai akwai rigakafin da dama can matacce ne kuma yana aiki. Haka ne, shi ne farin nan mai kama da madara da ake yi wa masu ƙwai allurarsa kafin su fara zuba. Amma shi an cika shi da ƙwayoyi masu yawan gaske, an haɗa da mai wanda ke riƙe su a cikin tsoka, sannan da allura ake kai shi. Lasotar da ta mutu a cikin dirinka ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ruwa kawai ka ba su.

YADDA HASKE YAKE KASHEWA

A cikin hasken rana akwai wani ɓangare da ido ba ya gani, masana suna kiransa UV. Shi ne yake shiga cikin ƙwayar cuta ya lalata zaren halittarta, ta kasa haihuwa. Kuma mun san aikinsa, ko da ba mu san sunansa ba. Me ya sa muke shanya fida da dirinka a rana bayan mun fitar da kaji? Me ya sa masu fiya wata suke bi da ruwansu ta cikin fitilar UV kafin su ƙulle leda? Har akwai hanyar tsaftace ruwan sha da ake koyarwa a ƙasashe da dama, a cika farar gorar roba da ruwa a ajiye a rana kamar awa shida, rana ta kashe ƙwayoyin da ke ciki. Rana ba ta san wannan ƙwayar ta Allah-wadai ce, waccan kuma kuɗi ka sa ka sayo ba. Duk ɗaya take yi musu. Kuma wadda ka sayo ita ce dama aka zaɓo don rashin ƙarfinta.

'Yan uwa mata da ke kai yara rigakafi, ku lura da kwalbar allurar BCG da ta ƙyanda. Gilashinsu mai duhu ne, ruwan ƙasa. Da gangan aka yi haka, domin su ma masu rai ne kuma haske yana rage musu ƙarfi. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a kare su daga rana, har ma daga doguwar fitilar nan mai farin haske ta fulorasan. Za ku ga ma'aikaciya tana soka kwalbar a cikin soson da ke bakin kularta, kuma in an haɗa shi ya kai awa shida sai a zubar. To mu namu na kaji, akasari a farar kwalba yake zuwa wadda ake hango cikinta tas. Kwalinsa shi ne rigarsa. In an cire kwali, tsirara yake.

Abin da ya sa wannan ɓarnar take da wuyar kamawa shi ne ba ta da alama. Ƙanƙara in ta narke ka gani, ka san akwai matsala. Amma kwalbar da ta sha rana launinta bai sauya ba, ba ta wari, garin yana nan yadda yake. Sannan ɓarnar taruwa take yi: kaɗan a shago, kaɗan a hanya, kaɗan a tsakar gida, sauran a cikin dirinka. Mayar da kwalba firji ba ya tayar da abin da ya mutu, sai dai ya adana abin da ya rage.

Kada kuma wannan ya zama waswasi. Don ka ratsa tsakar gida da kwalba a hannu na 'yan daƙiƙu, ba a ce ka zubar ba. Busasshen garin ya fi jurewa. Inda rigakafi ya fi rauni shi ne bayan an haɗa shi da ruwa, kuma a nan ne mafi yawanmu muke sakaci. Za mu zo wurin, amma bari mu faro daga shago.

A SHAGO

Kafin ka ce a ba ka komai, dubi firjin. Shaguna da yawa suna amfani da firjin lemo ne, mai ƙofar gilashi da fitila a ciki wadda ke kunne wuni guda. Wani ma ya fuskanci titi, rana tana dukansa kowace safiya ko kowace yamma. Shi wannan firjin an yi shi ne don mai wucewa ya hango kaya. In rigakafin yana cikin kwalinsa ko cikin wani rufaffen mazubi, da sauƙi. In kuwa ka ga kwalabe zube a buɗaɗɗiyar roba a gaban gilashi, ni dai shawarata ka nemi wani shagon. Gilashi yana tare wani ɓangare na UV amma ba duka ba.

Na san dalilin cire su daga kwali: kwali ɗaya yana zuwa da kwalabe da yawa, su kuma ɗai-ɗai suke sayarwa. Wannan ba hujja ba ce, ai ana iya buɗe kwali a ɗauki ɗaya a rufe. Masu shagon da ke bibiyarmu, don Allah ku gyara. Ko kwali ka manna a gilashin ƙofar nan ka yi aiki.

In an miƙo maka, duba ranar ƙarewar aiki. Duba dunƙulen: in ya narke, ko ya shanye ya manne a gindi kamar ƙaro, ko kwalbar ta tsage, kar ka karɓa. Kuma ka yi wannan dubawar a cikin shago. Wasu sai su fito bakin ƙofa su ɗaga kwalba sama suna karanta ta a rana.

Akwai wata al'ada da ya kamata mu bari. Mai kaji 30 ya zo, kwalba kuma ta kaza 200 ce ko 500, sai a haɗa ta da ruwa a shago a ɗibar masa a leda ko a sirinji. Daga lokacin da aka haɗa, awa ɗaya zuwa biyu ne ke gare shi, ga shi a farar leda, ga tafiya. Abin da ya fi shi ne ku haɗu ku uku ko huɗu a unguwa ɗaya, ku sayi kwalba guda a rufe, ku haɗa da asuba a gidan ɗayanku, kowa ya ɗibi nasa a rufaffen mazubi ya wuce kai tsaye. In babu abokin haɗawa, sayi kwalbar, yi amfani da abin da kake buƙata, ka zubar da saura. Kuɗin kwalba ɗaya bai kai asarar kaza biyu da suka girma ba.

A HANYA

Yadda aka saba shi ne a jefa kwalba a farar leda da gutsuren ƙanƙara, a ƙulle, mutum ya rataya a hannun babur. Sanyi akwai, amma rana tana ratsa leda, ta ratsa ƙanƙara, ta ratsa kwalba. Kafin ka kai gida ƙanƙarar ma ta zama ruwa.

Ka tafi da naka mazubin. Fulas ɗin abinci mai faɗin baki ya wadatar, kuma yana maganin zafi da haske a lokaci guda. Sa kwalbar a 'yar leda ka ƙulle don kada ruwa ya cire takardar jikinta, naɗe da takarda, sannan ka sa cikin ƙanƙara ka rufe. Kada a riƙa buɗewa a hanya ana nuna wa abokai.

In ya zama dole sai leda, ka naɗe ƙullin da jarida ninki da yawa ko tsumma mai kauri, ka sa a cikin jaka. Baƙar leda tana tare haske, amma tana jan zafi, saboda haka ita kaɗai ba ta isa ba, sai an rufa mata wani abu a sama.

Sayen rigakafi shi ne aikin ƙarshe a kasuwa. Gama da mai abinci, gama da mai dusar katako, gama gaisawa, sannan ka karɓa ka nufi gida. A mota kuma, gaban gilashin direba da bayan kujerar baya su ne wurare mafi muni. Ka sa a ƙasa wajen ƙafafunka.

Masu aikowa daga wani gari ta tasha, ku ne kuka fi shiga haɗari. Direba yana son ƙaramin saƙo a gabansa don kada ya manta, wato daidai inda rana ke duka tun daga Jos har Kano. Ka ce a sa maka a akwatin soso mai murfi, a naɗe da salatif, a ba motar asuba ko ta dare, kuma kai ko ɗan aikenka ku riga motar isa tasha. In ka buɗe ka tarar babu sauran ƙanƙara kuma ruwan ya yi ɗumi, kada ka yaudari kanka.

A GIDA

Firjin gida in an rufe duhu ne, wannan ba matsala. Matsalar ita ce buɗewa sau talatin a rana da ɗaukewar wuta. Ka samu gwangwani mai murfi ko robar da ba a ganin cikinta, ka sa rigakafin, ka ajiye a tsakiyar firji. Ban da jikin ƙofa, nan ne ya fi saurin ɗumi. Jera gorunan ruwa a ƙasa, suna riƙe sanyi in an ɗauke wuta. Farin nan mai mai kuwa kada ya kusanci wurin ƙanƙara, in ya daskare ya lalace. Masu rai akwai waɗanda kamfaninsu ya yarda a daskarar, akwai waɗanda bai yarda ba, takardar ita ce alƙali.

Wanda wutar unguwarsu ba ta da tabbas, kada ma ya fara ajiya. Sayo da yamma, ya kwana a fulas a cikin ɗaki, ka yi da asuba.

RANAR BAYARWA

Nan ne gundarin darasin. Mutum zai kiyaye komai tun daga shago, sai ya zo ya zubar da wahalarsa a awa ɗayan ƙarshe.

Lokaci tukuna. Da an idar da sallar asuba ka fara, yadda kafin rana ta ɗaga sun shanye. Ƙarfin UV ya fi yawa daga hantsi zuwa la'asar. Hadari ko hazo kada su ruɗe ka, suna rage shi ne kawai, ba sa hana shi saukowa. Wanda asuba ba ta yiwu masa ba, ya bari sai rana ta faɗi.

Tun da dare ka shirya. Wanke dirinka da ruwa zalla, ban da sabulu, ban da maganin kashe ƙwayoyin cuta, domin ɗan abin da ya rage a jiki ya isa ya kashe rigakafin. Ɗebi ruwan da za ka yi amfani da shi ya kwana a inuwa, in akwai randa ma ya fi. Ruwan baƙar tankin da ta wuni a rana ba na wannan aikin ba ne. Ruwan famfo yana iya zuwa da kilorin, shi kuma kilorin aikinsa kenan kashe ƙwayoyi, don haka ruwan rijiya mai tsafta ko na burtsatse ya fi. A zuba madarar gari marar maiƙo, giram 2 zuwa 2 da rabi a kowace lita, kusan ƙaramin cokali a shafe. A dama, a bar shi kamar minti goma sha biyar kafin a sa rigakafin. Madarar tana kare ƙwayar daga kilorin da tsatsar ƙarfe. Ba ta maye gurbin inuwa ba.

Ɗauke musu ruwa awa ɗaya zuwa biyu kafin a ba su. Lokacin zafi irin na watan Afrilu, da awo ke haura digiri 40, kar ka wuce awa ɗaya.

Wurin haɗawa shi ne cikin ɗaki ko zaure ko cikin ɗakin kajin kansa. Na sha ganin ana ɗauko baho a ajiye a tsakiyar gida, wai don a fi gani, ana damawa ana hira. Faffaɗan baho marar zurfi a fili, babu abin da ya kai shi ba wa rana dama, duk ruwan a shimfiɗe yake a gabanta. Yi amfani da bokitin roba mai launi da murfi. Ban da na ƙarfe, ban da farin nan da ake hango ruwa ta jikinsa. Cire ƙarfen bakin kwalbar, nutsa ta cikin ruwan, sannan ka zare toshiyar a ƙarƙashin ruwa, ka ɗauraye ta sau biyu ko uku a ciki. Dama, rufe.

Yawan ruwa yana da alaƙa da maganarmu kai tsaye, domin in ya yi yawa zai daɗe a dirinka yana shan haske da zafi. Ana so su shanye cikin awa ɗaya zuwa biyu. Lissafin da aka saba da shi: kaji 1,000 suna buƙatar lita ɗaya a kan kowane kwana na shekarunsu. Masu kwana 14, lita 14 kenan. In 200 gare ka masu kwana 14, kusan lita 3. Buroila da lokacin zafi za su ɗan fi haka. Hanya mafi tabbas ita ce ka gwada da ruwa zalla ana gobe, a daidai wannan lokacin, ka ga nawa suke sha a awa biyu.

Sai inda za a ajiye dirinka. Ɗakunanmu na kaji akasari buɗaɗɗu ne da raga, kuma ranar safe a kwance take shigowa, tana iya kaiwa har tsakiyar ɗaki. Ɗakin da aka gina tsawonsa daga gabas zuwa yamma ya fi tsira, shi ya sa ake ba da shawarar a gina haka. In naka ba haka yake ba, rataya buhu a gefen gabas na wannan safiyar kawai, ka bar sauran gefunan iska ta shiga. Janye dirinka daga jikin raga zuwa ciki. Ɗaga kai ka duba kwano, ƙaramar huda tana sauko da rana daidai kan dirinka ɗaya, ba ka sani ba.

Ka kuma lura da dirinkar kanta. Irin wadda muka fi amfani da ita, gindinta ja ne, samanta fari mai nuna ruwa. Wannan farin saman haske yana ratsa shi. A cikin inuwa ba komai, amma wadda ke kusa da raga ko a tsakar gida, ka rufa mata tsumma ko ka sauya mata wuri. Masu tanki a sama da farar tiyo mai nuna ciki, a ranar rigakafi gara ku sauko ku yi da bokiti da dirinka in kajin ba su da yawa.

Ƙara yawan dirinka a ranar, don kowa ya samu wuri lokaci guda. Ka riƙa zagayawa kana tayar da na kwance a lungu. Mai kaji da yawa ya raba aikin kashi biyu: haɗa kwalba ɗaya, sauran su zauna a fulas, sai sun kusa shanyewa a haɗa ta biyu.

ƊIGON IDO DA NA FIFFIKE

Ɗigon ido ya fi na ruwa tabbas, tunda kowace kaza ka kama ta da hannunka. Amma yana cin lokaci. Kafin ka gama 300, robar ɗigon ta daɗe a tafin hannunka tana ɗumi, in a waje kake kuma tana shan rana. Ka zuba kaɗan a robar, sauran ya zauna a fulas, in ya ƙare ka ƙara. Naɗe robar da takarda ko salatif mai duhu, ka bar bakin kawai. Yi da asuba ko da dare, kajin ma sun fi kamuwa. Hasken tocila ba abin damuwa ba ne.

Na ƙurajen kaji, wanda ake sokawa a fatar fiffike da allura mai baki biyu, shi kwalbarsa a buɗe take zama har a gama, ana tsoma allura ana cirewa. Sai ka ga an ɗora ta a kan bulo a tsakar gida. Samu soso ka huda shi daidai kwalbar, ka soka ta, ka ɗora a bakin kofin da ke da ƙanƙara, a inuwa. Wannan rigakafin yana da wata fa'ida: yana nuna maka ko ya kama. Bayan kwana 7 zuwa 10 ka kama kaji kamar ashirin ka duba fiffiken. In akwai ɗan kumburi ko ɓawon ƙurji a wurin, ya yi. In akasarinsu babu komai, ka sake, kuma ka binciki inda ka saya da yadda ka ɗauko, domin sauran rigakafinka ma ta wannan hanyar suka biyo.

Farin mai mai kuma ba a yin allurarsa da sanyinsa, sai ya huce ya yi daidai da ɗumin ɗaki. Wasu don sauri sai su ajiye shi a rana. A'a. Fito da shi da wuri, ya huce a cikin ɗaki a kwalinsa, ka girgiza sosai. In ka ga ya rabu biyu, ruwa daban mai daban, kuma ya ƙi haɗuwa, ya tashi daga aiki.

MASU KAJIN HAUSA

Akwai rigakafin Nukasil mai jure zafi da ake kira I-2. A Jami'ar Queensland ta Ostireliya aka samar da shi don kajin ƙauye, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana yin sa. Alheri ne babba ga wanda ba shi da firji. Sai dai kalmar "mai jure zafi" ta sa wasu suna jefa shi a aljihun gaban riga su wuni a kasuwa. Zafi ya fi sauran jurewa, shi ma zuwa wani lokaci, amma game da rana shi da Lasota duk ɗaya ne. Yadda ake koya wa masu zagayawa da shi a ƙauyuka shi ne a naɗe kwalbar a jiƙaƙƙen tsumma, a sa a kwando mai huda-huda da murfi. Iska tana busar da tsumman tana sanyaya shi, kamar dai yadda randa ke yi, murfin kuma yana ba da duhu. A yi ɗigon a gindin bishiya ko a zaure tun kafin a saki kaji. Ana maimaitawa duk bayan wata uku zuwa huɗu, kuma a tabbatar an yi ɗaya kafin hunturu ya shigo, lokacin da cutar ta fi share akurki.

Masu kifi, ku ma akwai rabonku a nan ko da ba ku cika yin rigakafi ba. Allurar nan da ake yi wa uwar tarwaɗa don ta saki ƙwai, irin su Ovaprim, ba a barin ta a rana a bakin tanki. Haka bitamin da ake zubawa a ruwa ko a abinci, da maganin oksitetirasaikilin, haske yana rage musu ƙarfi. Ajiye su a rufe, haɗa daidai na lokacin.

IN AN KIYAYE KUMA CUTA TA SHIGO?

Yana faruwa, domin haske ba shi kaɗai ke karya rigakafi ba. In an yi Gumboro da wuri sosai, garkuwar da ɗan tsako ya gado daga uwa tana iya kashe rigakafin kafin ya yi aiki, shi ya sa ake bin jadawalin kamfanin da ya ƙyanƙyashe su ko na likitan dabbobi. Kazar da ba ta da lafiya, ko mai cin abincin da ya yi fumfuna, jikinta ba ya amsawa yadda ya kamata. Sannan garkuwa tana ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu kafin ta kafu, in cuta ta riga ta shiga, rigakafi ba magani ba ne. Amma waɗannan wasunsu ba a hannunka suke ba. Fulas da murfin bokiti da tashin asuba kuwa a hannunka suke, kuma kusan kyauta ne.

Bayan awa biyu, duk abin da ya rage a dirinka a kwashe, a zuba masa maganin kashe ƙwayoyi ko tafasasshen ruwa, a zubar a rami. Ba a ajiye haɗaɗɗen rigakafi sai gobe, ko da a firji ne. Kwalabe a ƙona ko a binne inda yara da kaji ba za su tono ba. Kafin ka jefar, kwafe sunan rigakafin da lambar da ke jikin kwalbar da ranar ƙarewarsa a littafinka, tare da shagon da ka saya, da ƙarfe nawa ka haɗa, da ƙarfe nawa suka shanye. In wani abu ya taso bayan mako biyu ko uku, wannan shafin shi likita zai fara tambaya. Sannan ka ɗauraye dirinka ka zuba musu ruwansu na yau da kullum, in da hali da ɗan bitamin.